Haɗa ƙaramin jirgin sama na katakon balsa a Maradi: tambayoyi da amsoshi

Duk ranar da muka fita da ƙananan jiragenmu bayan sallar asuba, sai an tsayar da mu. Mai kabu-kabu ya rage gudu, yara masu tafiya lekol su zagaye mu, wani dattijo ya ce a miƙo masa ya ɗaga ya ji nauyi. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda, tun daga ta mai kallo har zuwa ta wanda ya riga ya buɗe kwali ya rasa ta inda zai kama. Na sa musu lamba don a ji daɗin komawa baya.

1. Mene ne balsa, kuma me ya sa ba a yi da wani katako?

Balsa bishiya ce da ke fitowa a wurare masu ruwa da zafi na Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya, kuma mafi yawan katakonta da ake sayarwa a duniya daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Masana tsirrai suna kiranta Ochroma pyramidale. Dangin rimi da kuka ce, har ƴaƴanta suna fitar da auduga irin ta rimi. Saurin girma gare ta, cikin shekara 6 zuwa 10 an sare ta, kuma wannan saurin ne ya sa cikin katakon ya zama kusan duk ramuka ne na iska.

Guntun balsa mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa bai wuce kimanin kilo 160 ba, alhali madaci mai wannan girman ya ninka shi sau huɗu zuwa biyar. Duk da rashin nauyin yana da ƙwari daidai gwargwado, reza tana yanka shi kamar sabulu, gam yana kama shi. Ba kayan wasan yara kaɗai ba ne: jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito na lokacin yaƙin duniya na biyu an yi jikinsa da balsa a tsakanin siraran filanki, kuma har yau ana sa shi cikin fukafukan manyan injinan da ke samar da lantarki daga iska.

2. Yana tashi da gaske, ko ado ne kawai?

Yana tashi, ba batir ba fetur. Roba ake murɗawa a cikinsa, in ta fara warwarewa ta juya farfela. Dabarar ta girmi jirgin da ke ɗaukar mutane. A watan Agusta na 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi ƙaramin jirgin roba a lambun Tuileries na birnin Paris, ya yi mita 40 cikin daƙiƙa 11. Ƴan'uwan nan biyu na gidan Wright da suka tashi jirgi mai inji a 1903, abin wasa mai roba da mahaifinsu ya kawo musu a 1878 shi ya fara jan hankalinsu.

Jirgin mai farawa, in an daidaita shi, yakan yi daƙiƙa 20 zuwa 40 a sama. Gwanaye masu gasar cikin ɗaki, ajin da ake kira F1D, jirginsu faɗinsa santimita 55 ne, nauyinsa giram 1.4, kuma yana wuce minti 20 yana shawagi a hankali kamar gashin tsuntsu.

3. Me ke cikin kwalin kit?

Babbar takarda mai zanen jirgin a ainihin girmansa, falle-fallen balsa masu ɗauke da sassa, siraran sanduna, takardar lulluɓi mai laushi, farfela ta roba, waya, tayoyi, da robar murɗi. Gam da reza yawanci ba sa ciki. Sassan iri uku ne: akwai waɗanda aka buga hotonsu kawai a jikin katako kai za ka yanka, akwai waɗanda inji ya danna ya tsaga, akwai kuma yankan leza, wanda za ka gane shi da bakinsa mai ƙuna-ƙuna. Na leza ya fi tsabta da sauƙi. Kamfanin Guillow's na Amurka, wanda aka kafa a 1926, yana cikin tsofaffin masu yin irin wannan kwali har yanzu.

4. Wane iri ya kamata in fara da shi?

Kowa idonsa kan jirgin yaƙi yake faɗawa, Spitfire ko Mustang, saboda hoton bayan kwali. Ka haƙura da su tukuna. Jikinsu zagaye ne, sandunansu da yawa, fiffikensu a ƙasa yake, kuma sukan yi nauyi a hannun sabon shiga. Sai ka kwashe wata guda kana aiki, ranar gwaji ya soki ƙasa da hanci, zuciyarka ta mutu.

Fara da mai sanda ɗaya a matsayin jiki, ko mai jiki kamar akwati wanda fiffikensa ke bisa, faɗin santimita 40 zuwa 60. Ka duba cewa bakunan fiffiken sun ɗan ɗaga sama. Wannan ɗagawar ita ke mayar da jirgi daidai in iska ta karkatar da shi. In ka tashi irin wannan sau biyu ko uku, ka iya abin da ke cikin tambaya ta 12, to jirgin yaƙi ba zai gagare ka ba.

5. Ta yaya ake samunsa a Maradi?

Saƙo ake yi. Ko dai a saya ta intanet a bi da shi ta Yamai, ko a ba ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, ko masu zuwa Dubai da Sin. Kuɗin ɗauko sau da yawa yakan kai na kayan, don haka gara mutum uku ko huɗu su haɗa saƙo ɗaya, a ƙara da falle biyu na balsa mai kaurin milimita 1.5 da ƙarin roba.

Ka roƙi mai kawowa ya sa kwalin cikin akwatin tufafinsa. Kwalina na farko a saman mota aka ɗora shi, aka danne da buhu, ya iso a lanƙwashe, rabin sandunan sun kakkarye. Na yi kwana biyu ban iya buɗe shi na sake kallo ba.

6. In ban samu balsa ba, karan dawa ba zai yi ba?

Zai yi fiye da yadda ake zato, kuma a nan nake ganin yaranmu sun riga na wasu wurare. Yaron da ya taɓa yin motar kara, ya fere sille ya soka shi cikin totuwa, ya riga ya san aikin abu mara nauyi, hannunsa ya san inda zai danna da inda zai sassauta. Ɓawon karan dawa da aka fere siriri yana yin sandunan fiffike da na jela. Totuwa tana yin hanci da abin cike gurbi, amma ita kaɗai ba ta ɗaukar ja, robar murɗi za ta naɗe ta. Tsinken gora irin na tsire yana yin ƙashin baya, sai dai yana da nauyi, a kankare shi. Cikin gwangwala shi ne ya fi kusa da balsa a abin da ake samu a ƙasar Hausa.

Shawarata ita ce a sayi kit ɗaya, a kiyaye takardar zanen kamar takardar fili, sannan a riƙa maimaita jirgin da kayan gida. Zanen shi ne ilimin, katako abin maye ne.

7. Wane kayan aiki nake buƙata?

Allo shimfiɗaɗɗe da fil zai iya shiga, kamar guntun silin ko kwali mai kauri da aka manna a kan filanki. Sabuwar reza, a rufe baki ɗaya da filasta. Fil na tela kamar 50, samfefa mai laushi manne a kan ɗan katako, rula ta ƙarfe, farar leda, da kwalbar feshi ta turare da aka wanke. Allon shi ne uwa: ka aza rula a kansa ta tsaye da ta kwance, in ka ga haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, canza shi, don duk lanƙwasar da ke jikinsa sai ta koma jikin fiffike.

8. Wane gam ya fi?

Farin gam na kafinta. Yana ba ka lokacin gyara, ba ya da wari, kuma in ya bushe nauyinsa yana raguwa. Da tsinken ashana ake ɗiga shi. Inda bakin sanda ya haɗu da wata, shafa kaɗan ka bari katakon ya shanye, sannan ka ƙara ka haɗa. Lokacin bazara yakan yi fata da sauri, sai ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan a murfin kwalba.

Sufa gulu na gaggawa ne, wurin gyara a fili. Yana da nauyi, ya fi balsa tauri har samfefa ta cinye katakon gefensa ta bar shi a tsaye, kuma laima yake buƙata kafin ya kama, shi ya sa cikin hunturu yakan yi jinkiri, sai an hura masa numfashi. In ya manne yatsu kada a fizga, ruwan goge jan farce yana sake shi. Kada a ba ƙananan yara.

9. Ta ina ake farawa?

Karanta zanen har sau biyu kafin ka taɓa reza. Shimfiɗa shi a allo, rufe da leda don kada gam ya kama takarda. Fara da jela, ita ce mai sauƙi, kuma kuskurenta ba ya da tsada. Sai fiffike: kafa sandar gaba da ta baya, jera haƙarƙari, wato ƙananan guntayen da ke haɗa sandunan biyu, a tsaye cak. Kada ka soka fil cikin siririyar sanda, za ta tsage, ka gicciya fil biyu ta gefenta. Gangar jiki gefe biyu ne, kuma na biyun a kan na farko ake gina shi da leda a tsakani don su fito tagwaye.

Wajen zaɓen katako, ɗaga falle a hasken rana ka lanƙwasa shi a hankali. Mai tauri ya tafi hanci da sandar gaban fiffike, mai laushi ya tafi jela. Dalilin yana tambaya ta 12. In kana son sanin nauyi ba ka da sikeli, farar takarda A4 guda ɗaya, irin wadda aka rubuta giram 80 a bayan fakitinta, nauyinta giram 5 ne, ka rataya rula a tsakiya ka gwada da ita.

10. Yaya ake lulluɓa takarda, kuma me ya sa tawa take yamutsewa ko ta fashe?

Wannan ita ce tambayar da umarnin cikin kwali ba zai amsa maka daidai ba, domin waɗanda suka rubuta shi ba su san hunturun Maradi ba. Takardar tana da jijiya: in ka yage ta, ta gefe ɗaya za ta tafi miƙe, ta ɗayan a karkace. Miƙaƙƙen gefen shi zai bi tsawon fiffike. A tsarma farin gam da ruwa, a shafa a sandunan gefe kawai, a aza takarda a ja ta da yatsa a hankali har ta kwanta. Bayan ta bushe sai a yi mata feshin ruwa daga nesa, raɓa-raɓa, a danne sashen a allo da fil, a bar shi kwana guda. Tana bushewa tana ɗamewa kamar fatar kalangu.

Matsalar ita ce takarda tana numfashi da yanayi. In ka lulluɓa a watan Agusta, iska cike da laima, to daga Nuwamba zuwa Fabrairu za ta ci gaba da tsukewa har ta murɗe jela ko ta tsage da kanta cikin dare. In kuma ka lulluɓa cikin hunturu, damina na zuwa za ta saki ta yi laƙwas. Na biyun ya fi sauƙi, don sakakkiyar takarda ba ta karya komai. Saboda haka ni cikin rani nake lulluɓi. In dole sai da damina, nakan manna takardar a kan wani firam na katako, in fesa mata ruwa ta gama tsukewarta a can, sannan in yanko ta in sa wa jirgi. Jela kuwa ba na fesa mata ruwa ko kaɗan.

Akwai wani ruwa mai ƙarfin wari da ake kira dof wanda ke toshe ƙofofin takarda. In an samu, a tsarma shi, shafi ɗaya ya isa, kuma a tsakar gida, nesa da wuta. Fenti irin na ƙofa kada ya kusanci jirgin.

11. Fiffike ya karkace. Ya lalace ke nan?

A'a. Riƙe jirgin a tsawon hannu, rufe ido ɗaya, kalle shi ta baya: sandar gaba da ta baya na kowane fiffike su kasance a layi ɗaya. In ɗaya ya murɗe, ɗora butar shayi ta tafasa, ka riƙe fiffiken cikin tururin na ɗan lokaci, ka murɗa shi zuwa ɗaya gefen ya ɗan zarce daidai, ka fitar ka riƙe har ya huce. Wani lokaci sai an maimaita washegari.

12. Na gama, amma yana faɗuwa. Me zan gyara?

Kusan kowane sabon jirgi bayansa ya fi nauyi. Jela tana nesa da tsakiya, don haka ɗigon gam ɗaya da ya yi yawa a can sai an biya shi da ninkinsa uku ko huɗu a hanci. Aza jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, a wurin da zane ya nuna, yawanci kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba, da robarsa a ciki. Ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. In baya ya rinjaya, manna ɗan cingam ko danƙo a hanci.

Sai gwajin hannu, ba tare da murɗa roba ba. Fuskanci inda iska ke fitowa, sunkuyar da hanci kaɗan, ka tura shi kamar mai miƙa wa wani abu, ba jifa ba. In ya ɗaga kai ya tsaya ya faɗo, ya sake ɗagawa, ƙara nauyi a hanci. In ya nufi ƙasa kai tsaye, rage nauyin ko ka ɗan ɗaga bakin bayan jela. In yana faɗawa gefe ɗaya, koma tambaya ta 11. Abu ɗaya ake gyarawa a kowane gwaji. Wani yaron unguwarmu ya taɓa cewa, "Kawu, mu gyara duka lokaci ɗaya mu huta mana." Na ce masa, "To in ya gyaru, wanne za ka ce ya gyara shi?" Ya yi shiru, ya ciro ɗan littafinsa ya fara rubuta kowane gwaji. Yanzu shi ke daidaita wa ƙannensa.

In saukar hannu ta yi kyau, murɗa farfela kamar sau 100, ta bin hannun agogo in kana kallonta ta gaba. In ya miƙe sama ya tsaya, sa ɗan siririn balsa a saman inda hanci ya zauna don farfela ta ɗan kalli ƙasa. In yana kifewa hagu, ƙarfin juyin farfela ne, sa siririn a gefen hagu don ta ɗan kalli dama.

13. Robar tana yawan tsinkewa. Akwai dabara?

Rana da ƙura su ne abokan gabarta, mu kuwa muna da su duka biyun. Wanke sabuwar roba da ruwa, ɗaura ƙulli tun kafin a shafa mai, sannan a shafa gilisarin da aka gauraya da ɗan sabulun ruwa. Man gyaɗa, baƙin mai da basilin duk suna cinye ta. Sabuwa ba a cika mata murɗi, a fara da kaɗan ana ƙarawa. In ta faɗi cikin rairayi a wanke kafin a sake murɗawa, ƙwayar yashi ɗaya tana yanka ta. Bayan wasa a cire ta daga jirgi, a sa a leda cikin gwangwani, a ajiye gindin randa. Robar cikin tayar keke tana maye gurbi in ba yadda za a yi, amma ba ta ɗaukar murɗi da yawa.

14. Yaushe kuma a ina ya fi dacewa a tashe shi?

Daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe 8, ko dab da magariba. Saki ɗan busasshen ganye: in ya faɗi kusa da ƙafarka, lokaci ya yi. Cikin hunturu iska takan taso da hantsi, don haka sammako ya zama dole. Watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, shi ne na fi so, akwai sauran ciyawa mai tare faɗuwa. Filin ƙwallo da ba kowa, gonar da aka girbe aka kwashe kara, ko rairayin Gulbi da rani duk suna yi, in dai ba wayar lantarki kusa. Daga Maris zuwa Mayu, in ka ga shirwa tana zagaye tana hawa ba ta kaɗa fiffike, iska mai zafi ce ke tashi, kuma tana iya ɗauke jirgi mara nauyi ta tafi da shi. Rubuta unguwarku a ƙarƙashin fiffike.

15. Zan iya sa masa inji da rimot?

Ana yi, amma wani mataki ne daban mai kuɗi, kuma wanda bai iya daidaita na roba ba zai yi ta fasa na rimot. Sannan halin tsaron da ake ciki ya sa duk abin da ke tashi da rimot, balle mai kyamara, hukuma tana sa masa ido. Kafin ka saya ka nemi bayani daga hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, da jami'an tsaron yankinku. Ko na roba ne, a nisanci filin jirgin sama na Maradi, da bariki, da gine-ginen gwamnati, kuma a sanar da mai unguwa in za a riƙa taruwa a fili ɗaya.

16. Ina zan ajiye shi, kuma in ya karye fa?

Gara tana cin balsa da takarda, ɓera yana son gam, kyankyaso ma haka. Kada jirgi ko ragowar katako su kwana a ƙasa ko jingine da bangon laka. Kwali mai murfi a saman kabad ya fi, nesa da kwanon rufi mai zafi da hasken taga. Falle-fallen da ba a taɓa ba a danne su tsakanin filanki biyu.

Karyewa kuwa dole ce, kuma balsa ya fi kowane katako karɓar gyara. Tsince kowane guntu tun a filin, har wanda bai kai farce ba, domin bakin karaya yana komawa mazauninsa daidai. Sandar da ta karye a yanke bakunanta a jirge, tsawon yankan ya ninka kaurinta sau huɗu, a haɗa da farin gam a danne a allo. Takardar da ta huje a yanke har bakin haƙarƙari biyu na kusa, a sa faci, a fesa wa facin kaɗai ruwa. Bayan kowane gyara a koma gwajin yatsu biyu na tambaya ta 12 kafin a murɗa roba.